Ƙanena ba soja ba ne, amma tare da soja ya mutu

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan watan, dukkansu a kan ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Ta farkon ce ta hana ni barci, don haka ita za ta ci rabin filin.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba Malam. Ƙanena ɗan kato da gora ne. Ya shiga tun 2013, lokacin da samarin unguwarmu suka tashi da gora da adda. Da yake ya san daji, shi sojoji ke sawa gaba ya nuna hanya. A wata fita motarsu ta taka bam, ya rasu tare da sojoji biyu. Su an lulluɓe su da tuta an rufe su a maƙabartar bariki, shi kuma mu muka ɗauko shi muka yi masa sutura a gida. Duk 15 ga Janairu sai mu ga manya a talabijin suna ajiye furanni. Bara mahaifiyarmu ta tambaye ni ko har da ɗanta ake tunawa, na rasa ta cewa. Har da shi? (Daga wata mai karatu, Maiduguri)

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan ƙanenki, ya sa can ta fi nan, ya ba mahaifiyarku dangana.

Ba zan shafa miki zuma a baki ba. In takardar gwamnati za a bi, babu shi. Ranar ta sojan ƙasa ce da na ruwa da na sama, masu lamba da albashi da suna a rajista. 'Yan sanda ma daga baya tasu ranar aka yanka musu, 7 ga Afrilu.

Sai dai ni ban yarda takarda ta gama magana ba. Mahaifina ya je yaƙin Bama, wato ƙasar Burma, a yaƙin duniya na biyu. Yana cikin runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma, waɗanda Turawan Ingila suka kai kwarin Kaladan a 1944 suka kara da Japanawa. Ina yaro na ɗauka babana shi kaɗai ya gama da Japan, har dambe nake da yaran unguwa a kan haka. Ran nan yana shanya kayan akwatinsa na ƙarfe a tsakar gida, na ɗauki lambarsa mai tsini shida, wadda yake kira tauraron Bama, na tambaye shi mutum nawa ya harbe. Ya yi dariya har da tari. Ashe makaminsa a can adda ce da gammo. Dajin ba ya shiguwa da mota, saboda haka rundunar ta tafi da dubban mutane da aikinsu ɗaukar kaya a ka: harsashi, abincin da jirgi ke jefowa, da waɗanda aka ji wa rauni. Ya tuɓe hula ya nuna mini tsakiyar kansa, inda gashi bai ƙara fitowa ba. Abokinsa da suke rufa da bargo ɗaya, wani mutumin ƙasar Katsina, da akwatin harsashi a kansa aka harbe shi suna tsallake rafi. Har babana ya koma ga Allah, bai taɓa sallame sallar asuba ya tashi bai ambaci sunan mutumin nan ba.

Su 'yan dakon Bama ma da sauƙi, an ba su kaki da lamba. Na yaƙin duniya na farko, waɗanda suka bi soja zuwa Garwa da Mora a Kamaru, da Afirka ta Gabas, da yawansu tattaro su aka yi daga ƙauyuka, atini da zazzaɓi suka kashe su a hanya, ba wanda ya damu da rubuta sunansu. Sai a 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashen renon Ingila ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, akasarinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, har ministan tsaron Ingila ya miƙe a majalisa ya ba da haƙuri. Bayan shekara ɗari ke nan fa.

Duk da wannan sakacin, da Baturen mulkin mallaka ya zo kafa abin tunawa a Idumota ta Legas, mutum-mutumi biyu ya tsayar: soja da bindigarsa, ɗan dako da kayansa. Ƙanenki ɗan dakon wannan yaƙin ne. Haka maharban Adamawa da suka taimaka aka ƙwato Mubi a 2014, haka direban da aka ɗauko da motarsa don kai wa soja abinci. Abin da Bature ya gane, mu ne zai gagara?

Na san abin da za a ce: in aka buɗe ƙofa kowa zai kutso, har 'yan sa-kan da ke kama mutum a kasuwa su yanka shi ba alƙali ba shaida. Waɗannan ban sa su ba, kuma ba zan sa su ba. Ma'aunina ɗaya ne: kwamanda ne ya fita da shi, kuma a bakin aikin ya faɗi. Kowace bataliya ta san waɗanda ta fita da su da waɗanda ba ta dawo da su ba.

Ga abin da za ki faɗa wa Hajiya, kuma ba ƙarya a ciki. Ranar Juma'ar da ke gabanin bikin ana yin addu'a ta musamman a masallatai ga waɗanda suka rasu wajen kare ƙasa, liman kuwa ba ya tambayar lambar kowa. Sannan furannin nan da take gani, a gaban sojan da ba a san sunansa ba ake ajiye su. Ta ɗauka ɗanta ne a wurin. Ba wanda ya fi ta hujja.

TAMBAYA: Malam, me ya sa aka zaɓi 15 ga Janairu, ranar da sojoji suka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa? Ashe ba makasan ake karramawa ba? Sojojin Biyafara fa, har da su? (Daga wani ɗalibi, Kaduna)

AMSA: Ɗana, ranaku biyu ne suka faɗo kan kwanan wata ɗaya. A da 11 ga Nuwamba ake yi, tare da sauran ƙasashen renon Ingila, ranar da aka tsagaita wuta a 1918. Aka mayar da ita 15 ga Janairu saboda a ranar ce, a 1970, jagoran Biyafara na ƙarshe, Philip Effiong, ya miƙa wuya ga Yakubu Gowon a barikin Dodan, yaƙin basasa na wata 30 ya ƙare. (Dodan ɗin ma sunan wani wuri ne a Bama, kamar barikokin Dalet da Kalapanzin da kake wucewa kullum a Kaduna.)

Amma na san ƙunar da kake nufi. Ina ɗan shekara 11, cikin azumi, da safiyar Asabar labarin ya iso unguwarmu, na ga innarmu ta jingine taɓarya ta zauna a ƙasa ba ta ce uffan ba. Abin da mutane ke mantawa shi ne, a daren nan na 1966 ba 'yan siyasa kaɗai aka kashe ba. An kashe Birgediya Zakariya Maimalari da Birgediya Samuel Ademulegun, da Kanar Kur Muhammad da Kanar Ralph Shodeinde, da Laftanar-Kanar Abogo Largema da James Pam da Arthur Unegbe. Sojoji ne da 'yan uwansu na kaki suka bi su har makwanci. In akwai waɗanda ranar ta dace da su ciki da bai, su ne, amma sau nawa ka ji an kira sunayensu a wajen faretin?

Batun makasan kuma, Manjo Nzeogwu da ya jagoranci harin gidan Sardauna an kashe shi a Yulin 1967 kusa da Nsukka yana ɓangaren Biyafara, gwamnatin Gowon ta sa aka kawo gawarsa Kaduna aka rufe da karramawar soja. Wannan bai taɓa kwanta mini a rai ba, ba kuma zan ɓoye ba. Ojukwu, Shagari ya yi masa afuwa a 1982, da ya mutu aka lulluɓe shi da tutar Najeriya aka rufe shi a 2012 da faretin soja. Ka ga ke nan a kan manya gwamnati ta daɗe da ba da amsarta. To in shugaban tawaye ya samu tuta, da wace fuska za mu hana yaron da aka kamo a hanyar kasuwa aka ɗora masa bindiga shiru na minti ɗaya? Ni na raba tunawa da jinjina. Tunawa a yi wa kowa, har da fararen hular da yunwa ta kashe a can da waɗanda aka kashe a nan Arewa a 1966. Jinjina da sara wa kabari kuwa na wanda ya riƙe rantsuwarsa ne. Har gobe akwai masu ware 30 ga Mayu a kudu maso gabas don tuna nasu mamatan su kaɗai, kuma ina ganin da mun ba su gurbi a tamu ranar da abin bai kai haka ba.

TAMBAYA: Na yi Laberiya da Saliyo a ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, na dawo da ƙafa ɗaya da rabi. Mu da ba mu mutu ba, laifi muka yi? (Daga wani saje mai ritaya, Zariya)

AMSA: Barka da arziki, Saje. Da Hausa dai kuna ciki, don ɗan mazan jiya ba lallai sai ya mutu ba. Amurkawa raba abin suka yi: Litinin ta ƙarshe a watan Mayu ta mamata ce, 11 ga Nuwamba ta duk wanda ya taɓa sa kaki. Mu muka haɗa, sai rayayyu suka cinye filin, kuma ba irinka ba, masu babbar riga da ke jere suna sakin fararen tantabaru. Ni da za a bi tawa, safiyar ta mamata ce, a karanta sunaye. Kai kuma karramawarka fansho a kan kari da ƙafar roba mai kyau. Sojoji 17 da aka kashe a Okuama ta jihar Delta a Maris 2024, shugaban ƙasa da kansa ya je jana'izarsu, aka ba su lambobin girma, aka yi wa iyalansu alkawarin gidaje da karatun yara. Madalla. Abin da nake so a zama doka ke nan ga kowane kurtu, ko da kyamara ko babu.

Ga roƙona. Ka zauna ka rubuto mini sunayen 'yan rukuninku da ba su dawo ba, da garuruwansu in ka tuna, zan buga su a wannan filin a watan Janairu. 'Yata ta Maiduguri, ke ma ki aiko da na ƙanenki. Ku rubuta da manyan baƙi, idona ya fara gajiya.