So, Ƙauna da Soyayya: Amsar Tambayoyin Masoyan Zamanin Waya

Tambayoyi uku na ɗauko a wannan karon. Duka a kan soyayya suke, kuma babu wadda waya ba ta shigo cikinta ba.

Ta farko daga wata budurwa ce: "Malam, wani yana turo min saƙo kullum wai yana sona. Ƙawata ta ce in tambaye shi, so ne ko ƙauna. Da bambanci, ko iyayi ne kawai irin nata?"

Da bambanci, 'yata, ƙawar taki ba iyayi take yi ba. "So" kalma ce mai faɗin ciki. Da ita ake cewa ina son barci, ina son sabuwar waya, ina son mahaifiyata. Saboda haka wanda ya ce yana sonki bai yi ƙarya ba, ko da abin da ke ransa bai wuce irin son da yake yi wa sabuwar wayar ba: ya samu, ya yi yayinta, ya canja wata. Ki lura kuma da irin kalmomin da "so" ke yarda ya zauna da su: son kai, son zuciya, son banza, son abin duniya. Da wuya ki ji an ɗora "ƙauna" a waɗannan gurabe.

Ita ƙauna, in kina son gane cikinta, ki dubi inda ake yanke ta. Idan aka ce an yanke ƙauna, ko an ɗebe ƙauna daga majiyyaci, ba ana nufin an daina sonsa ba ne. Sa rai aka daina yi. Ashe a cikin kalmar akwai tsammani, akwai hangen gobe. A fahimtata, wannan ne ya ba ta nauyin da "so" ba shi da shi: mai ƙaunarki ya saka ki a lissafinsa na gaba. Akwai kuma sha'awa da shauƙi, waɗanda muka aro daga Larabci, da bege, wanda ake yi wa wanda ba ya kusa, shi ya sa masu yabon Manzon Allah suka riƙe kalmar. Mafi yawan abin da ke yawo a hirar tsakar dare, in za a faɗi gaskiya, sha'awa ce da shauƙi.

Sai dai ban ga amfanin tambayarsa ba. Wanda ya iya rubuta "so" zai iya rubuta "ƙauna", ƙarin haruffa uku ne kawai.

Ta biyu daga wani saurayi: "Allah ya gafarta Malam, shekara guda ke nan ina bibiyar wata, sai ta ga dama take amsa min, kuma na san hankalinta yana wurin wani. Abokaina suna ta ce min son maso wani ƙoshin wahala. Mene ne 'maso'? Kuma wannan da nake yi ba soyayya ba ce?"

"Maso" ɗan'uwan "masoyi" ne. Hausa tana ɗora "ma-" a gaban aikatau don ta fitar da mai aikin: masoyi, masoyiya, masoya. Amma idan abin da aikin ya faɗa wa ya biyo baya nan take, akan gajarta kalmar, kamar yadda ake cewa maci amana, maƙi gudu, masha ruwa. To "maso wani" shi ne mai son wani, wato wanda zuciyarsa ta riga ta tafi wani wuri. Daɗin karin maganar yana ga "ƙoshi". Mun saba jin ƙoshi a wurin alheri, kamar ƙoshin lafiya, sai ga shi an ce za ka ci har ka ƙoshi, amma wahala ce a kwanon.

Tambayarka ta biyu kuwa, nahawu ma ya amsa ta kafin ni. Dubi ƙarshen kalmar: so, soyayya. Wannan "-ayya" ita ce a jayayya, tarayya, cinikayya, auratayya, kuma galibi tana nuna abin da ake yi tsakanin ɓangare biyu. Mutum ba ya jayayya shi kaɗai, ba ya cinikayya da kansa. Abin da kake yi so ne, ɗana, wataƙila ma mai tsanani, amma bai zama soyayya ba sai ya dawo daga can. Na san akwai mai kawo maka ɗaya karin maganar, wai mai son ɗan tsuntsu shi ke binsa da jifa, don ya ƙarfafa maka gwiwar naci. Gaskiya ne mai nema shi ke wahala. Amma ni duk lokacin da na ji ta sai in tuna ba a tambayi tsuntsun ba, kuma saƙo talatin a yini ga wadda ba ta so, jifa ne.

Ta ƙarshe ita ta fi tsaya min a rai. Wata baiwar Allah ta ce: "Wata shida muna hira dare da rana, rana ɗaya ya daina amsawa. Babu faɗa, babu sallama, kuma ina ganin yana karanta saƙona. Me ake kiran wannan da Hausa? Ina kuma aka bar garin masoyi ba ya nisa?"

Sunaye ba su yi mana kaɗan ba. Tsohon shi ne ɗauke ƙafa, domin a da zuwa ake yi, ƙafa ce shaidar so, ranar da ta daina zuwa an gane. Akwai ɓatan dabo da layar zana, amma waɗannan na wanda aka nema aka rasa ne, naki kuwa ga shi kina gani. Tun 2014 da WhatsApp ya kawo shuɗin alamar nan biyu mai nuna an karanta saƙo, mai gudu ya rasa mafakar "ban gani ba", wanda aka guda kuma ya rasa uzurin da zai lallashi kansa da shi. Matasa suna cewa ya share ta, ko ya ɗauke mata wuta. Na biyun ya fi burge ni, kuma ina ganin zai daɗe a harshen. Daga lantarki aka ɗauko shi, ya kuma dace sarai: ba a sanarwa, ba a faɗin dalili, ba a san ranar dawowa ba, ana barin mutum cikin duhu yana lalube.

Game da garin masoyi, karin maganar ba ta ce garin yana kusa ba. Nisan yana nan, masoyin ne ba ya jin sa, wato wahalar da ya ɗauka ita ce ma'aunin. Waya ta matso da kowane gari, na masoyi da na mayaudari, har ma'aunin ya rasa abin aunawa. Haka ta yi wa "labarin zuciya a tambayi fuska": yanzu fuskar da ake tambaya 'yar rawaya ce da ake dannawa, mai murmushi ko da mai ita yana hamma. Shi ya sa wata shida na hira ke iya zama kamar an san juna, alhali ba a taɓa ganin yadda ɗayan yake fushi ba.

Irin wannan wutar takan dawo, 'yata, kuma za ki ga da "kwana biyu" zai fara. "Biyu" a wannan gaisuwar ba lissafi ba ne, tana ɗaukar mako, tana ɗaukar shekara. Ki ce ya ƙirgo miki su tukuna.