Dalilin da na tsai da ku a kan "ya zo"

Ɗana, saƙonka ya same ni bayan sujadar yamma. Ka ce tun ranar Alhamis abin yana cin ka a rai: muryoyi huɗu sun hau daidai, kibod bai yi tuntuɓe ba, amma na ɗaga hannu na tsai da ku har sau uku a kan layi ɗaya na sabon baitin da ka rubuta domin Kirsimeti. Kana tambaya ina kuskuren yake, tunda ka sake duba do-re-mi ɗinka ba ka ga inda aka karkace ba. Da gaskiyarka, takardar ba ta da laifi. Ni kuwa da kunnen tsohuwar nan mai zama a bencin gaba nake sauraron ku, wadda ba ta san do ba balle so, amma Hausa ba ta kuɓuce mata.

Layin naka shi ne "Mai Ceto ya zo". Rufe kibod, ka faɗe shi da baki kawai. In albishir kake yi wa mutum cewa baƙonsa ya iso, "ya" ɗin nan jan sa za ka yi, muryarka a sama. In aike kake yi, a gaya wa wane ya zo, gajere ne kuma a ƙasa yake. Akwai ma na uku, wanda ke farawa sama ya gangaro, irin na mai kwantar maka da hankali cewa bari dai, yâ zo. A rubutun boko duka ukun harafi biyu ne, shi ya sa idonka bai kama ba. To, tsohon karin Turawan da ka ɗora baitin a kai, a daidai wurin nan ɗan gajeren sauti ne a ƙasa, wanda ake takawa a yi tsalle zuwa na gaba. Sai ga mutum arba'in sun buɗe baki suna roƙo Mai Ceto ya zo. Da a makonnin jira ne kafin bikin, da na bar ku, har in yaba. Amma waƙar ta daren 24 ga Disamba ce, bayan an karanta Luka sura 2, mala'ika ya riga ya gaya wa makiyaya an haife shi a birnin Dauda.

Ga abin da nake so ya zauna maka. Gaɓar Hausa iri biyu ce, mai nauyi da marar nauyi. Mai nauyi ita ce wadda ake jan wasalinta ko baƙi ya rufe ta, kamar "rai", ko "sar" na sarki. Marar nauyi kuwa kamar "da" na ni da kai. A kan wannan marubuta waƙoƙin Hausa suka gina ma'auninsu tun kafin a kawo kibod ƙasar nan. Hawa da saukar murya ana iya ɗan murɗa su a cikin waƙa, makaɗan fada ma suna yi, kunne ya yafe. Tsawon gaɓa ne kunne bai cika yafewa ba. Ja "da" na dawa, ka samu hatsi, gajarta shi, ka shiga jeji. Kai kuma ka taɓa duka biyun a kalma ɗaya, tsawo da murya, a kan kalmar da ke ɗauke da albishir ɗin gaba ɗaya.

Gyaran ba shi da wuya. Ari rabin bugu daga "to" na Ceto ka ba "ya", sannan ka ɗaga shi ya yi kafaɗa da "zo", tunda a magana ma tare suke a sama. 'Yan alto, mata masu ƙaramar murya ta ƙasa, za su canza sauti ɗaya, 'yan bas, maza masu kaurin murya, ko motsi ba sai sun yi ba. Nan gaba kuma, kafin ka kunna komai, ka karanta baitin da ƙarfi kana tafawa, ka ja layi a kan kowace gaɓa mai nauyi, ka duba ko ta faɗa a kan dogon sauti. Inda suka ƙi haɗuwa, ko kalma ta matsa ko kari ya matsa.

Na san abin da za ka ce, wai tsoron taɓa karin masu shi kake yi. Ɗauki waƙar daren Kirsimetin nan da duniya duka ta sani, wadda a Jamusanci ake kira Stille Nacht. Wani matashin limamin Katolika, Joseph Mohr, shi ya rubuta baitocinta shida a 1816. Bayan shekara biyu ya kai wa Franz Gruber, malamin makaranta mai kaɗa wa majami'a, ya sa musu kari. A daren 24 ga Disamba 1818 aka fara rera ta a ƙauyen Oberndorf, kusa da Salzburg a ƙasar Ostiriya, muryar maza biyu da jita ɗaya, mawaƙa suna maimaita ƙarshen baiti, kusan yadda 'yan amshi ke yi a wurinmu. Ka lura da wanda ya riga wani: kalmomin ne suka zo, aka ɗinka musu kari daidai jikinsu. Mu kuma sai mu ɗauko rigar da aka yanka wa Jamusanci mu ce dole Hausa ta shiga, ko da hammata za ta yage. Tela ma yana buɗe ɗinki.

Tunda na ambace ta, in ka zo kaɗa ta bana ka sauke ki ɗinta, wato matakin muryar da ake ɗaukar ta a kai. Tana farawa lafiya lau a so-la-so-mi, kowa ya saki jiki, sai can wajen ƙarshe ta haura har fa na sama, tazarar sauti goma sha ɗaya daga do na ƙasa. In an ɗauke ta a ki na C, wurin nan F ne na sama, kuma ikkilisiyar da ta sha ƙurar hunturu tun safe ba za ta kai ba, sai 'yan mata biyu su yi ƙara su kaɗai. Sauko da ita zuwa ki na A, ko aƙalla B flat, dattawa ma su samu shiga.

Je ka zauna bayan zumuntar mata ranar da suke koyon waƙa. Ba za ka taɓa jin sun ce "ya zo" a inda ba shi suke nufi ba. Jagora tana faɗin maganar ne, maganar ta zama kari a bakinta, tulu ya ɗauka da bugun soson nan a bakinsa, kacau-kacau ta bi, sauran su amsa. Ba su da takarda ko ɗaya, kuma yaro ɗan shekara shida zai koma gida da waƙar a kansa. Ban ce ka jefar da do-re-mi ba, da shi na ci abinci shekaru da yawa. Amma awa ɗaya a bayan matan nan za ta buɗe maka kunne fiye da wata guda a gaban kibod.

Sai ƙugiya. Wata shekara, ina sabon shiga kamarka, na kai baitoci shagon buga takardu, injinsu ba shi da ɗ ba shi da ƙ, ni kuma ban bi na sa da biro ba. Yaran birni da ke cikin mawaƙan suka rera abin da suka gani, "an haifa mana da". Da aka tashi wani dattijo ya tare ni a ƙofa ya ce, "Malam, da me?" Ban sami amsa ba. Tun daga ranar nake bin kowace takarda da jan biro, kuma nake sa 'yan tena su faɗi "makiyaya" da "maƙiya" a jere har sai harshe ya rarrabe, don kada wata rana maƙiya su kwana suna tsaron garke a filin Baitalami.

Ranar Alhamis ka riga kowa zuwa, da baitin a rubuce da manyan haruffa da layukan da na ce. Ka rage ƙarar kibod ɗin zuwa rabi, don ranar nan ma da ƙyar na tsinci kalmomin a ƙarƙashinsa. Kai za ka tsaya a gaba ka koyar da gyaran, ni zan zauna a bencin ƙarshe kusa da ƙofa. In ka ga ban ɗaga hannu ba, ka wuce baiti na biyu.