Amsoshin Tambayoyinku: Karatun Nishaɗi a Ajin Turanci

Wasiƙun wannan fitowar sun taru a kan abu guda: sa ɗalibai su riƙa karanta littattafan Turanci masu yawa don jin daɗi. Malaman da ke horar da masu koyar da Turanci ne suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina koyar da Turanci a wata sakandare a Maraɗi, ajina yara 60 ne. Sun san nahawu daidai gwargwado, amma in aka ba su shafi guda sai su yi ta jan kalma ɗai-ɗai kamar 'yan babbaƙu, kafin su kai ƙarshen jimla sun manta farkonta. An ce min karatun nishaɗi na maganin wannan. Ta ina zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara daga zaɓen littafi, don a nan ne mafi yawan malamai ke tuntuɓe. Littafin da ya dace da wannan aiki shi ne wanda ɗalibi ya riga ya san kusan duk kalmominsa. Masana irin su Paul Nation na ƙasar New Zealand sun auna abin, suka ce sai mai karatu ya san kamar kalma 98 cikin 100 kafin ya fahimci labari ba tare da taimakon kowa ba. Wato a shafi mai kalma 200, baƙin kalmomi kada su wuce huɗu. Gwajin ba wuya: yaro ya buɗe tsakiyar littafi, ya karanta shafi ɗaya, duk kalmar da bai sani ba ya lanƙwasa yatsa. In yatsun hannu ɗaya suka ƙare kafin shafin ya ƙare, littafin ya fi ƙarfinsa, ya sauka mataki na ƙasa.

Dalili kuwa shi ne, ƙwaƙwalwar da ta shagala da tono ma'anar kalma ba ta da sararin riƙe zaren labari. Abin da ke damun yaranka ke nan. Ba su taɓa samun rubutu mai sauƙin da zai bar idonsu ya yi gudu ba, kullum abin da ake ba su ya ɗara musu tsawo.

Akwai littattafan da aka rubuta musamman don haka, hawa-hawa. Jerin Oxford Bookworms, alal misali, yana farawa da kalmomi 250, mataki na ɗaya 400, na biyu 700, har zuwa na shida mai 2,500. Tsarin ba sabo ba ne, tun shekarun 1920 Michael West ya yi irinsa a yankin Bengal na Indiya. Yaron da ke koyon Turanci a matsayin baƙon harshe, kamar naku a Nijar inda ba ya jin sa a kasuwa ko a gida, ya fara daga can ƙasa ko da yana aji uku. Kada ka ji kunyar sauƙi. Wanda ya gama ƙaramin littafi cikin kwana biyu zai dawo neman wani, wanda aka ɗora wa babba zai mayar da shi mafici.

Sai yawa. Aji mai yara 60 yana bukatar littattafai daban-daban kamar 90 zuwa 100, ba kwafi 60 na littafi guda ba. Ka manna takarda mai launi a gadon bayan kowanne don nuna matakinsa, ka zuba su a akwati, yaro ya zaɓa da kansa. Ka ware minti 15 a farkon darasi, kowa ya karanta a zuci, kai ma ka zauna da naka littafin. In ka koma duba takardun jarrabawa a wannan lokaci, yara sun gane abin ba shi da muhimmanci a wurinka. Lissafin mai daɗi ne: yaro mai karanta kalma 100 a minti, in ya yi minti 15 sau huɗu a mako, ya karanta kalma 6,000, kusan ƙaramin littafi guda ke nan. A mako 30 ya haɗa 180,000.

TAMBAYA: 'Yata takan zauna da ƙamus a gefe, ba ta wuce kalma sai ta duba. Na ɗauka himma ce, amma malaminta ya ce ta ajiye shi. Wa ke da gaskiya? (Wata uwa daga Zariya)

AMSA: Hajiya, a wannan irin karatu malamin ne ke da gaskiya. Duk lokacin da ta ɗaga kai zuwa ƙamus, zaren labari ya tsinke. A Japan, inda wannan hanya ta yi ƙarfi sosai, ƙa'idoji uku ake koya wa masu farawa: ban da ƙamus, a tsallake abin da ba a gane ba, kuma in littafi ya gundure ka ka ajiye shi ka ɗauki wani. Ta sa ɗan ɗigo da fensir a ƙarƙashin kalmar, ta wuce. In ta gama babi, kalmar da ta yi ta dawowa kuma har yanzu ta ƙi buɗuwa, ita za ta duba. In ɗigon ya cika shafi, a canza mata littafi. Ƙamus na nan da ranarsa, a darasin da ake feɗe gajeren rubutu jimla-jimla.

TAMBAYA: Shugaban makarantarmu ya ce wannan ɓata lokaci ne, ga WAEC da NECO a gaba, gara a yi ta maimaita tsoffin tambayoyi. Me zan faɗa masa? (Wata malama daga Kano)

AMSA: Malama, ki ba shi labarin Fiji. A 1980, Warwick Elley da Francis Mangubhai suka kai littattafan labarai kusan 250 ga kowane aji a wasu makarantun firamare na karkara, inda yara ba sa jin Turanci a gida. Aka ɗebi minti 20 zuwa 30 daga cikin lokacin darasin Turanci na kullum aka ba karatu, ba a ƙara ko minti ɗaya ba. Wasu makarantun kuma suka ci gaba da tsohon tsari na maimaita jimloli. Bayan wata takwas, ci gaban masu karatun wajen fahimtar rubutu ya kai kusan ninki biyu na abin da aka saba gani. A shekara ta biyu bambancin ya bayyana har a nahawu da rubutu.

Amma kada ki yi masa alkawarin da ba zai cika ba. Abin ba ya nuna kansa a mako uku, kuma ba ya maye gurbin koyar da rubuta wasiƙa ko taƙaita bayani. Kalma ma ba ta zama daga gani ɗaya. Binciken da Rob Waring da Misako Takaki suka buga a 2003 ya nuna cewa kalmomin da ɗalibai suka ci karo da su 'yan lokuta kaɗan a littafi guda, bayan wata uku galibi sun gudu. Shi ya sa ake son littafi ɗaya a mako, don kalmar ta sake gilmawa kafin a manta ta. Mu a ganinmu, ajin ƙarshe ya makara. Ki nemi ya ba ki aji ɗaya da aji biyu na ƙaramar sakandare. Ki auna saurin karatunsu a farkon zango: minti ɗaya, kalma nawa, sannan tambayoyi biyar masu sauƙi a kan abin da suka karanta. Ki sake aunawa a ƙarshen shekara da rubutu mai nauyi iri ɗaya, ki ajiye masa alƙaluman a tebur.

TAMBAYA: Ta yaya zan san sun karanta da gaske in ba na yi musu jarrabawa ba? (Wani malami daga Damagaram)

AMSA: Da ka ce kowane littafi sai an rubuta taƙaitawarsa shafi biyu, ka kashe abin. Yara za su zaɓi mafi siranta, su kwafi na juna, gama littafi ya zama jawo wa kai aiki. Kati ɗaya ya isa kowane ɗalibi: sunan littafi, ranar ɗauka, ranar mayarwa, da jimla guda ta ra'ayinsa. Kana zagayawa cikin aji, ka tsaya wurin yara uku ko huɗu, ka buɗe hoto a tsakiyar littafin ka ce, "Wane ne wannan? Me ya same shi bayan nan?" Wanda bai karanta ba ba ya kai rabin minti. Ka yarda ya amsa da Hausa, fahimta kake nema a nan, ba furuci ba. In dole sai an ba da maki, a ba da shi a kan yawan abin da aka karanta. Kuma ban da tayar da yaro ya karanta da ƙarfi a wannan lokaci, wannan wani darasi ne daban.

TAMBAYA: Makarantarmu ba ta da ɗakin karatu, kuɗin littattafai kuma babu. (Wani malami daga Gusau)

AMSA: African Storybook na Afirka ta Kudu da StoryWeaver na Indiya suna ba da dubban gajerun labarai kyauta a intanet, an jera su mataki-mataki, kuma an yarda a sauke a buga. Akwai ma na Hausa a cikinsu. A buga gaba da baya, a naɗe, a ɗinke da zare, a yi bango da kwali, a bi gefen da salatif. Azuzuwa uku na iya karɓa-karɓa da akwati ɗaya in lokutan darasinsu ba su haɗu ba. A yi hattara da littattafan kyauta da masu gwanjo: labarin da aka rubuta don yaron Ingila ɗan shekara takwas yakan cika da kalmomin da ɗalibinka bai taɓa ji ba, ko da hotuna sun yi masa ado. A yi wa kowanne gwajin yatsu kafin ya shiga akwati. A naɗa ɗalibai biyu su riƙe rajistar aro, kuma a sa rai wasu littattafan za su ɓata ko su yage kowane zango, don haka a ajiye asalin abin da aka sauke a kwamfuta ko a waya saboda sake bugawa.