Tambaya da Amsa: Da gaske ne an samo maganin sikila?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ɗana mai shekara 9 yana fama da sikila. Na ji an ce an samo maganin da ke gyara ƙwayar halitta ciwon ya tafi gaba ɗaya. Gaskiya ne? Ana yin sa a nan Abuja? Sannan akwai mai tallata min wasu ƙwayoyin sha, ya ce aikinsu ɗaya da dashen ɓargo.
Daga wata uwa a Kubwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ba yaro lafiya, Ya saka miki da alheri bisa ɗawainiyar da kike yi.

Labarin gaskiya ne. A Nuwamban 2023 Birtaniya ta amince da wani magani mai suna Casgevy, Amurka ta biyo baya a Disamba, ta haɗa da wani mai suna Lyfgenia. Saudiyya da Baharen ma sun amince da Casgevy. Amma ba a yin ko ɗaya a Najeriya tukuna.

Ga yadda Casgevy ke aiki. Jariri yana zuwa duniya da wani nau'in sinadarin jini na 'yan tayi, wanda ba ya barin jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe su toshe jijiya. Shi ya sa da wuya ki ga ciwon ya tashi a watannin farko bayan haihuwa. Daga baya wata ƙwayar gado, BCL11A, takan kashe shi kamar yadda ake kashe makunnin fitila. Sai likitoci su ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majinyacin kansa, a kai su ɗakin gwaji, a yi amfani da fasahar gyara ƙwayar gado da ake kira CRISPR a lalata wurin da ke kashe sinadarin don ya dawo aiki, sannan a mayar masa. A gwajin da hukumar magunguna ta Amurka ta duba, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda ciwo mai tsanani bai tashi ba. Duk wanda ya taɓa kwana a gefen gadon mai sikila ya san girman wannan.

To amma hanyar akwai wuya. Kafin a mayar da ƙwayoyin, dole a share tsohon ɓargo, inda ake haifar da jini, da wani magani mai ƙarfi irin na cutar daji. Gashi kan zube, baki ya yi gyambo, garkuwar jiki ta faɗi, mutum ya yi makonni a keɓe a asibiti. Abin da ya fi damuna shi ne yana iya hana haihuwa har abada. Lyfgenia kuma na ɗauke da gargaɗin kansar jini, kuma ana bibiyar waɗanda aka yi wa har shekara 15. Sannan ɓargo kaɗai ake gyarawa. Wanda ya warke zai iya gadar wa 'ya'yansa sikila, don haka gwajin jini kafin aure yana nan daram.

Sai kuɗi: dala miliyan 2.2 na Casgevy, miliyan 3.1 na Lyfgenia, ban da kuɗin asibiti. Yana ci min rai cewa ƙasar da ake haifar jarirai kusan 150,000 da sikila a kowace shekara ita ce aka bari a baya. Ko da kuɗin na hannu, amincewar da aka yi a 2023 ta 'yan shekara 12 zuwa sama ce.

Dashen ɓargo daga ɗan'uwa na jini wanda nasu ya dace, shi kam ana yi a gida. An fara a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, na Legas ma ya fara a 2024. Idan yaron yana da wa ko ƙane, ki tayar da maganar a gaban likitan jini.

Ƙwayoyin shan nan kuwa, ki riƙe kuɗinki. Babu abin haɗiya da ke sauya ɓargo, kuma masu wannan talla da zafin zuciyar iyaye suke kasuwanci.

Abin da nake so ki fi ba ƙarfi shi ne wani magani mai suna hydroxyurea. Shi ma sinadarin 'yan tayin nan yake ɗagawa, duk da bai kai Casgevy ba, kuma ana samunsa a Abuja. Binciken da aka yi a Kano, har da asibitin koyarwa na Aminu Kano, ya nuna yana kare yara masu haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Sai dai likita ne zai auna masa gwargwadon nauyinsa, ana yi ana duba jini. Ki haɗa da rigakafin zazzaɓin cizon sauro, da alluran rigakafi, da shan ruwa sosai, kuma da zarar jikinsa ya yi zafi a tafi asibiti ba jira. Masana na ƙoƙarin samo allurar da za ta yi gyaran a cikin jiki ba tare da share ɓargo ba, kuma in Allah Ya kawo ta, wanda ƙodarsa da ƙwaƙwalwarsa ba su taɓu ba shi zai fi cin moriya.

A zuwanku asibiti na gaba, ko a Gwagwalada ko a Babban Asibitin Ƙasa, ki tambaya ko ya dace a ɗora shi a kan hydroxyurea, sannan ki nemi a yi masa hoton jijiyoyin kai da ake kira TCD don gano haɗarin shanyewar ɓarin jiki, wanda ya kamata a riƙa yi sau ɗaya a shekara har ya kai 16.