'Yata za ta sauka a gidan wasu Turawa a Amurka, me zan shirya mata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni uwa ce a nan Daura. 'Yata mai shekara 16 ta samu gurbi a shirin musayar ɗaliban sakandare, za ta yi shekarar karatu guda a Amurka, a gidan wasu mata da miji waɗanda ba Musulmi ba. An turo mana hotonsu, har da karensu a ciki. Yarinyar nan iyakar tafiyarta Kano. Mahaifinta ya amince, ni kuwa barci ya ƙaurace wa idona. Me za ta tarar, kuma wane guzuri zan yi mata?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah Ya sanya albarka a tafiyar, Ya dawo miki da ita lafiya.

Bari in fara da abin da zai ɗan kwantar miki da hankali. Ɗaliban irin wannan shiri, kamar shirin YES da majalisar dokokin Amurka ta kafa a 2002, suna shiga ƙasar da biza mai suna J-1, kuma ma'aikatar harkokin wajen ƙasar ta gindaya dokoki kan gidan da za a sauke su. Duk wanda ya kai shekara 18 a gidan sai an binciki tarihinsa ko ya taɓa aikata laifi. Dole ta samu gadonta na kanta, in kuma za ta raba ɗaki, sai da mutum ɗaya tak, mace kamarta. Abinci sau uku a rana haƙƙinta ne. Akwai kuma kodineta, wato wakilin shirin mai kula da ɗalibai a yankin, wanda doka ta wajabta masa tuntuɓar ta da masu masaukinta aƙalla sau ɗaya a wata. Masu masaukin ba a biyan su, sa kai suka yi. Ki riƙe wannan, domin shi zai fahimtar da ke yadda za su ɗauke ta: 'yar gida, wadda za ta wanke kwanonta ta gyara gadonta.

Abin da ya fi damuna game da yaranmu a can shi ne kunya, ba kare ba, ba sanyi ba. Kin tarbiyyantar da ita yadda ya dace da 'yar mutunci a Daura: a ba ta abinci ta ce ta ƙoshi sai an matsa, babba na magana ta sunkuyar da kai, abu na cin ta ta haɗiye. A wurinmu wannan kawaici ne abin yabo. A can kuwa, in ta ce ta ƙoshi, uwar masaukin za ta gaskata, ta ɗauke kwanon, yarinya ta kwana da yunwa ba wanda ya sani. In ta kawar da ido ana yi mata magana, sai su zaci tana ɓoye wani abu ko ba ta son su. In ta shige ɗaki ta rufe ƙofa don kada ta takura musu, sai su ɗauka gidan ne bai yi mata ba. Yawancin saɓanin makonnin farko daga nan yake tasowa, alhali kowane ɓangare alheri yake nufi. Don haka kafin ta tafi, ki zaunar da ita ki ba ta izini da bakinki: ta ce tana so in tana so, ta ce ba ta ci in ba ta ci, ta dubi fuskar mai yi mata magana. Yarinya mai tarbiyya ba za ta saki wannan ba sai ta ji daga uwarta cewa ba rashin kunya ba ne. Za su iya cewa ta kira su da sunansu kai tsaye; in ya yi mata nauyi, ta nemi su yarda ta ce Mama da Baba, da yawansu murna suke yi.

Maganar addini ta faɗe ta tun daren farko, cikin fara'a, kada ta bari sai an yi girki sannan ta ture. Naman alade yana zuwa da sunaye da dama a kan kwali, ta haddace su: pork, ham, bacon, lard, da pepperoni da ake barbaɗawa a kan fiza. Kifi da ƙwai da ganye suna ko'ina, manyan garuruwa kuma akwai shagunan naman halal. Ta nuna musu dardumarta, ta bayyana cewa sau biyar take salla, kuma za su ji motsinta da asuba. Alƙibla a can arewa maso gabas take, ba gabas ɗin da ta saba ba, sai ta sa manhajar salla a wayarta. A jihohin arewacin ƙasar, cikin Disamba magariba kan faɗa wajen ƙarfe huɗu da rabi na yamma. Banɗakinsu ba a jiƙa masa ƙasa, kuma babu buta, don haka ki sa mata ƙarama a jaka, ta riƙa goge wurin bayan alwala. Wannan ƙaramin abu yana haddasa ƙorafi fiye da yadda kike zato.

Kare a wurinsu ɗan gida ne, kada ta nuna ƙyama a fuska. Ta roƙa kawai kada ya shiga ɗakinta, roƙo ne da suka saba ji. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, amma mahaifinta ya kai ta wurin malaminsu ta ji bayani, don zuciyarta ta natsu.

Guzuri kuma, Hajiya, don Allah ki ajiye kilishi da dambun nama. Jami'an kwastan na Amurka ba sa barin nama ya shiga daga Najeriya, kuma duk abincin da ke jakarta dole ta bayyana shi; in ta ɓoye aka gano, tara ce. Tsarabar masu masauki ta zama abin da hannu ya yi: jakar fata ta dukawanmu, faifai mai ado, turmin atamfa, hula ga maigidan. Ki haɗa mata da hotunan gida, da na hawan salla, da na rijiyar Kusugu, domin a makaranta za a ce ta ba da labarin garinsu. Kayan sanyi masu kauri a can za ta saya, amma ta tafi da na'urar haɗa soket, don bakin nasu ya bambanta da namu, wutarsu kuma bolt 120 ce. Fasfo da takardar DS-2019, wato shaidar gurbinta a shirin, su zauna a jakar hannunta, kada su shiga akwati.

Sai naki aikin, wanda ya fi nata wuya. Gabashin Amurka yana bayanmu da awa 5 ko 6, gwargwadon lokacin shekara, yammaci kuma da 8 ko 9. In kina kiran ta kullum, jikinta na can zuciyarta na Daura, ba za ta saba ba. Ku tsayar da rana guda a mako. Bayan ɗokin isowa ya wuce za ta kira ki tana kuka, ta ce gida take so. Ki saurare ta, ki yi mata addu'a, sannan ki tambaye ta ko ta faɗa wa uwar masaukinta, kada ke ma ki fashe mata da kuka a waya.

Amma ki koya mata bambanta kewar gida da cutarwa. In wani ya taɓa ta yadda bai dace ba, ko aka hana ta abinci, ko aka matsa mata ta bar salla ko ta cire ɗankwali, ko aka karɓe mata fasfo, ko aka hana ta magana da ku, wannan ba wurin haƙuri ba ne. Doka ta hana a raba ta da takardunta ko a toshe mata hanyar tuntuɓar iyayenta. Ta kira kodineta nan take, in bai saurare ta ba ta kira lambar gaggawa ta ƙungiyar da ta kai ta, wadda ke kan katin shaidar da za a ba ta. Ana sauya wa ɗalibi gida in zama ya ƙi, kuma ba a ɗaukar hakan laifinsa. In haɗarin na nan take ne, 911 za ta buga, lambar 'yan sanda da agajin gaggawa ta ƙasar. Ki sa ta rubuta waɗannan lambobi a takarda ta ajiye cikin jakarta, ke ma ki kwafe su ki ba mahaifinta.