Don Allah ki bar zancen maganin haƙori, ruwa jikinsa yake nema

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Wallahi tun da na karanta tambayarki jikina ya yi sanyi. Kin ce yaronki ɗan wata tara yau kwana uku yana gudawa, wani lokacin har da amai, ya rage kama nono, Hajiyar mijinki ta ce haƙori ne a ƙyale shi, ke kuma kina so a faɗa miki maganin haƙori mai kyau. Na ga wasu har sun fara jero miki sunayen magunguna, shi ya sa na kasa yin shiru. Kafin ki ƙarasa karanta wannan dogon surutun nawa, ki aika a sayo miki ORS, wato garin gishiri da sukari na leda da ake jiƙawa a ruwa, da ƙwayar maganin zinc, ki fara ba shi. Kuma yaron da ya kwana uku yana zawo har ya rage shan nono, yau ya kamata ma'aikacin lafiya ya gan shi, ba gobe ba.

Irin wannan maganar ta haƙori ita ta kusa raba ni da 'yata ta biyu. Ita ma lokacin ta fara rarrafe. Babanta ya yi tafiya, yayarsa ce a gidan tare da mu, kuma kun san yadda ake zama da babbar yaya, ba ka da ta cewa. Na ce mu je asibiti, ta ce ita ta raini yara takwas, ba wanda ta kai asibiti don haƙori, mu matan yanzu ne ba mu da aiki sai ƙarar da kuɗin maza. Abin da ya fi ƙona min rai har yau, cewa ta yi in daina ba yarinyar ruwa, wai ruwan ne yake ƙara tsinka cikin. Kofin ma ɗauke shi ta yi ta kai ɗakinta. Da maɗigar yarinyar ta faɗa, sai ta kwaɓa wani gari ta shafe mata tsakar ka da shi, ta ce yanzu za ta taso.

Daga nan ta ja ni wurin wani mai kemis na bakin layinmu, wai ya fi likitoci sanin ciwon yara. Mutumin nan ko taɓa yarinyar bai yi ba. Yana danna waya yana tambayata, ya tsira mata allura, ya haɗo Flagyl na ruwa, da kafso ɗin nan ja da yalo ya ce in riƙa farkewa ina jiƙa mata, da kwalbar maganin haƙori. Ya caje ni kuɗi mai yawa. Ga ORS nan a rataye a bayansa ina kallo, ko sunansa bai ambata ba, saboda ba shi da riba. Ni dai na bar shi da Allah. Har yau in zan wuce ta ƙofar shagon nan sai na kau da kai, don in na ga mata a tsaye da goyo suna jiransa zuciyata tafasa take yi.

Cikin dare yarinya ta daina kuka da ƙarfi. Tana buɗe baki, ba murya, ba hawaye ko ɗigo. Idanu sun zurma, leɓe ya bushe ya tsattsage, na sa mata nono ta kasa ja. Na taɓa famfas ɗin da na sa mata tun la'asar, kashi ne kawai kamar ruwa, babu alamar fitsari. Na ɗaga hannunta na saki, ya faɗi yaraf. Ban tsaya neman izinin kowa ba, na yafa mayafi na buga ƙofar maƙwabcinmu mai adaidaita, Allah ya saka masa da alheri shi da matarsa. A asibiti nas ta kama fatar cikinta ta ja ta saki, fatar ta tsaya a tattare ba ta koma ba. Aka shiga neman jijiya a sa mata ruwa. Hannun dama babu, na hagu babu, ƙafa babu, duk jijiyoyin sun ɓuya saboda ruwan jikinta ya ƙare. Suna soka allura suna zarewa, yarinyar ko motsi ba ta yi, ni ce nake kukan a madadinta. A ƙarshe sai da aka aske mata gefen kai aka sa a nan. Ina tsaye ina kallon ruwan yana ɗiga, ƙafafuna suna rawa, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Da gari ya waye yayar tamu ta iso da fulas ɗin kunu, maganar farko da ta fito daga bakinta wai ai ta faɗa, haƙorin yarinyar nan mai zafi ne. Ko sannu ba ta ce min ba. Da babanta ya dawo kuma aka juya zancen, aka ce ni na fita da dare ban sanar da kowa ba.

Likitan da ya sallame mu shi ya zaunar da ni ya yi min bayani. Fitar haƙori tana sa dalalar miyau da ƙaiƙayin dasashi da 'yar rigima, amma ba ta kawo zawo mai ƙarfi ko zazzaɓi mai zafi. Abin da ya haɗa su lokaci ne kawai: daga wata shida yaro yake fara haƙori, a lokacin ne kuma yake rarrafe, yana kai duk abin da ya tsinta baki, ana kuma fara ba shi kunu da ruwa. Ƙwayar cuta ta nan take shiga. Kuma abin da yake kashe yara a gudawa ƙarewar ruwan jiki ne. Faɗawar maɗiga ma alamar hakan ce, ba abin da za a shafa daga waje ya ɗago ta.

ORS ɗin, ki duba bayan ledar, yawanci ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta ake zubawa, wato fiya wata biyu masu 50cl, ko ruwan da kika tafasa ya huce. Kada ki raba garin biyu ki ce za ki yi tattali, kada kuma ki ƙara sukari don ya yi daɗi. Duk kashin da ya yi ki ba shi rubu'i zuwa rabin kofi, tunda bai kai shekara biyu ba, da cokali kaɗan-kaɗan, ba ɗura ba. In ya amayar ki dakata minti 10 ki ci gaba a hankali. Wanda ya kai awa 24 da haɗawa ki zubar ki haɗa sabo. In dare ya yi babu inda za a saya, lita ɗaya ta ruwa, sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin, kafin gari ya waye. Lemon kwalba kuwa kada ki kuskura, ƙara zawon yake yi.

Nono kuma kar ki yarda kowa ya ce ki dakatar. Ki yi ta ba shi ko ba ya so sosai, da kununsa in zai karɓa. Zinc ɗin, wanda ya wuce wata shida 20mg ne, ƙwaya ɗaya kullum, kwana 10 zuwa 14, ki narka a cokali da ruwan nono. Ko zawon ya tsaya ki ƙarasa masa, a nan yawancinmu muke saki.

Maganin haƙori kuwa, 'yan'uwa ku tuna My Pikin. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 yara 84 suka rasu a ƙasar nan bayan an ba su shi, ƙodarsu ta lalace saboda wani sinadari mai guba da aka samu a ciki, sai da NAFDAC ta rufe kamfanin. Iyayen nan ba ƙin 'ya'yansu suke yi ba, sauƙi suka nema musu. Ni tun daga abin da ya same ni ban sake shigo da kwalbar maganin haƙori gidana ba, in dasashi yana damun yaro in wanke hannuna in murza masa. Kuma don Allah in aka ce miki a kira wanzami ya cire beli ko ya tsaga dasashi, wai shi ne maganin aman, ki ce a'a ko za a yi fushi da ke. Yaron da ruwansa ya ƙare ina ya ga jinin da zai zubar.

Ki duba katin rigakafinsa ma. Tun 2022 aka sa rigakafin rota cikin na yau da kullum, wanda ake ɗigawa a baki a sati 6 da 10 da 14, kyauta ne, kuma saboda irin wannan gudawar aka kawo shi. Masu jarirai a cikinmu kada ku bari ya wuce ku. Ni 'yata ba ta samu ba, lokacin sai mai kuɗi a asibitin kuɗi.

In jikinsa da zafi ki ce a yi masa gwajin maleriya a asibiti, kar a ba shi magani da ka. In kuwa kin ga jini a kashin, ko ya kasa shan komai, ko duk abin da ya sha sai ya dawo, ko ya yi awa shida bai yi fitsari ba, ko yana ta barci kina tashinsa da ƙyar, to ko ƙarfe biyun dare ne ki goya shi ki fita, kina tafe kina ba shi ORS ɗin a hanya. Babansa ki kira shi kina cikin adaidaita. Hajiya kuma ki ba ta haƙuri in kun dawo. Allah ya ba shi lafiya, don Allah ki sanar da mu abin da likita ya ce.