Tambaya da Amsa: Magnoliyata ta ƙi fure, ganyen duk ya yayyage

Tambaya: Salam. Ina zaune a jihar North Carolina ta Amurka, shekara 4 kenan da na dasa magnoliya mai manyan ganyen nan a bayan gidana, wallahi har yau ko fure ɗaya ban gani ba, ga ganyen duk ya yayyage kamar an bi shi da reza. In tone ta in canza mata wuri ne?

Amsa: Wa'alaikissalam 'yar'uwa. Don Allah ki ajiye shebur ɗin nan tukuna. Saiwarta taushi gare ta, kuma sama-sama take bi, kina tonowa za ta kakkarye, bishiyar ta yi ta jinya ko ma ta mutu gaba ɗaya.

Maganar fure kuwa, ai yarinya ce ƙarama, gaskiya kin yi gaggawa. Wannan da masana ke kira Magnolia macrophylla takan kai shekara 12 zuwa 15 kafin ta fara fure in daga iri aka tashe ta, amma ranar da ta buɗe za ki manta da jiran, fari fat mai faɗin kusan santimita 30, kamar faranti, ga ɗigon shunayya a can ciki ga ƙamshi. Kuma fa 'yar gida ce a wurinku, a jiharku ɗin nan Bafaranshe masanin tsirrai André Michaux ya ci karo da ita a 1789.

Yagewar ganye aikin iska ne, ba ciwo ba ne. Ganyen da ke kai santimita 75 ko fiye kuma ba kauri, ya za a yi ya jure? A daji a cikin kwari take fitowa, a ƙarƙashin manyan itatuwa inda iska ba ta dukanta, to ke ma haka za ki yi mata, ki sa shinge ko ki dasa wasu itatuwan ta ɓangaren da iskar ke zuwa. Ƙasar ta zauna da danshi amma kar ruwa ya kwanta, taki ma kar ki cika. Idan ganyen ya zube lokacin kaka kar ki share, ki bar mata shi a gindi, na san tsakar gida zai koma kamar an watsar da tsofaffin jaridu amma shi ke riƙe mata danshi.

In jiran ne ba za ki iya ba, ki nemi 'yar'uwarta ta Florida, Magnolia ashei, ki dasa kusa da ita. Ita wannan tun tana 'yar guntuwa take fure, cikin shekaru kaɗan.